Ruwa Biyu a Garin Ɗari

A kasuwar Da Khuree na gan ta,
fara, doguwa, mai faɗin ƙirji,
sitiyari a dama, yadda ta baro Japan.
Dillali ya shafi bayanta ya ce,
"Ruwa biyu ce, rabi lantarki rabi fetur,
kurɓa take, ba ta sha."
Tugrik miliyan talatin da biyu na ƙirga,
rabi gumina, rabi na banki,
na ja ta gida ina ta sauri.

Wata huɗu ba ta ce uffan ba.
In ta tashi da asuba ko karen maƙwabci bai motsi.
Narmandakh ta ɗaura mata shuɗin ƙyalle a madubi,
ta ce, "Maigida, bana mun yi jari."

Sai Janairu ta iso da haƙoranta.
Hayaƙin kwal ya danne Ulaanbaatar,
numfashi na daskarewa a gashin baki.
A kan gada, tsakiyar cunkoso,
jar fitila mai kusurwa uku ta buɗe ido,
wata mata ta yi magana daga cikin allo,
da Japananci, cikin ladabi.
Ban tsinci kalma ɗaya ba,
amma kowa ya san muryar mugun labari.

Damdinjav bakanike, yatsu tara gare shi.
Ya jona mata kwamfuta, ya yi shirun likita,
ya ɗaga kujerar baya ya ce in leƙa:
fankar da ke yi wa batiri fifita
ta toshe da gashin tumakin surukina,
su huɗu da na ɗauko da kaka
ina taƙama da yalwar wuri.

"Ƙwaya uku sun mutu a ciki.
In sauya su, dubu ɗari shida,
sai dai tsoho zan ajiye kusa da tsoho,
kafin ciyawa ta tsiro za ka dawo.
Sabo ɗungurungum, miliyan biyar.
A cokali kake son maɗacin, ko a kwano?"
Na ce cokali.
Abin da aljihu ya kasa, sai a kira shi haƙuri.

Maris, birki ya soma gurnani,
famfonsa na nishi ko ban taka ba.
Miliyan biyu, na hannu ma, ba garanti.
Afrilu, ɗan famfon da ke sanyaya kayan wuta,
abu kamar dunƙulen hannun yaro,
ya cinye kuɗin takalman Enkhriimaa.
Ranar ce Damdinjav ya kankare wata takarda
manne a ƙasan murfin inji:
an yi mata juye a kilomita dubu ɗari biyu da goma.
Mita kuwa na rantsuwa da dubu casa'in.
Ashe furfura aka rina mini,
na biya kuɗin rinin da ƙari.

Wani dare ɓarayi suka kwanta ƙarƙashinta,
suka yanke tukunyar salansa.
Da safe mai tafiyar sanɗa ta koma tarakta,
unguwa duka ta san na fita.
Ɗari biyu ke kashe mutum a garin nan:
wanda ke shiga ƙashi,
da wanda ke bin dubu a takardar gareji.
Na fetur da na tara, na kai wa batiri.

Narmandakh ta ce mu sayar.
Na wanke ta, na rubuta lamba a gilashi.
Amma jiya, hanyar Terelj, gab da faɗuwar rana,
inji ya ɗauke, ta zame a kan lantarki,
muka ratsa garken dawaki
ba wanda ya ɗaga kai daga ciyawa.
Enkhriimaa ta sauke gilashi ta taɓa wani.
Lambar tana nan, ban goge ba.
An kira sau biyu yau.
Na ce mai motar ba ya gari.