Sawun Ɗan Tsawa

Da kai na fara, kamar kullum,
don kai bai taɓa ba ni wuya ba.
Idanu manya awa faifai,
kowane da ɗigon fari inda haske ke kwana,
gashi tsiri-tsiri kamar ƙayar aduwa,
haɓa mai tsini, hanci ɗan layi guda.
Haka 'yan Japan ke zana nasu,
haka na koya a wayar Yaya Maccido
in data ta yi saura.

Ɗan Tsawa na raɗa masa.
Shekara biyu yana haya a littafin lissafina,
daga ƙirji zuwa sama,
kamar mai leƙen katanga.

Ran Asabar, rana ta dafa Sakkwato
har kwalta na riƙe takalmi,
wuta ta ɗauke tun hantsi.
Na shimfiɗa babbar takarda a zauren Baba,
nan Madunka, cikin ƙamshin jar fata,
na ce: yau sai ka fito dukanka.

Tsawon kai bakwai da rabi, na auna da fensir.
Kafaɗa ta faɗi, ƙugu ya tsuke,
takobi a dama yana nuna gabas,
gyale a wuya, iskar da babu ita tana ja.
Gwiwa ta zo lafiya.
Ƙwauri ya zo lafiya.

Sai ƙafa.

Na zana, ta fito doya.
Na goge, ta dawo tarwaɗa.
Na goge, na goge, har takarda ta fara ganin tabarma.
Sai na koma ga tsohuwar dabara:
na turnuƙe masa hayaƙi daga idon sawu zuwa ƙasa,
wai ƙarfinsa ne ke tashi.

Baba na gefe, basilla a hannu, zare a baki,
bai ko ɗago sosai ba.
Ya ce, “Lubabatu, wanga jarumi naki shawagi shi kai.
Wa za shi karewa, shi da bai taka ƙasa ba?”

Ya jawo kwalin sabulu ya buɗe,
irin wanda yake auna masu saye da shi
tun ba a haifi Inna ƙarama ba.
Ya tuɓe takalmi, ya hau, ya miƙe tsaye.
Ya ce, “Zagaya.”

Na durƙusa.
Ban taɓa kallon ƙafar Baba kusa haka ba.
Babban yatsa ya karkace don danne fata,
farcen tsakiya ya tafi tun wata shekara, bai dawo ba,
faso a dunduniya
kamar fadamar Rima cikin bazara.
Fensir ya bi, yana tuntuɓe.

“Duba,” in ji shi, “nauyi ga guda ɗai shi ke.
Wagga ta ɗauki mutum,
waccan tana jiran a ce mata tahi.
Wanda ya raba nauyi daidai, hoto shi ka jira,
ba faɗa ba.”

Na share hayaƙin.
Na dasa dama, na ɗage dunduniyar hagu,
na bar yatsan a karkace,
fason ma ban hana shi ba.
Da la'asar ta yi, sai ga shi tsaye,
tsaye na gaske,
har inuwa ta samu wurin kwanciya.
Fuska ta Japan, sawu na Madunka.

Na miƙa, zuciya na dakan lugude.
Baba ya kai takardar bakin ƙofa, inda haske,
ya daɗe.
Takobi bai kula ba, idanun ma haka.

Ya ce, “Ƙahwa ta yi.
Amma wa ad da ɗinkin takalmin ga?
Ko Kwalkwalawa ba su kai shi, sai sun ɓalle.
Ba ni fensir.”