Kujera Biyu a Asawase

Littafi ɗaya ya ce: gyara tunanin yaro, hali zai biyo.
Ɗayan ya ce: kama bakinki, ba shi kunne.
Duka na haddace a motar Kejetia.

Ran Talata aka turo mini Fuseini,
wai barci yake a aji.
Na soma da babi na huɗu.
Shi kuwa yatsunsa yake kallo, duk ƙunar gawayi:
tun asuba yake hura wa kakarsa wutar koko.

Na rufe littafin.
Fanka kaɗai ke magana.
Can ya ce, "Madam, ke ma kin gaji?"

Malam Boakye na jiran hanyar da na zaɓa.
Takardar na jaka, ban rubuta komai ba,
sai man ƙosai da ya taɓa gefenta.