Mai Bokitin Dare

Makka na nufa, Hartum ta riƙe ni.
Guzuri ya ƙare tun a Ubayyid,
sai na karɓi aikin da 'yan gari suka ƙi.

In an yi lisha, ƙafa ta ɗauke,
ni da Shekarau mu ja raƙumin hukuma
mu bi bayan gidaje.
Ta 'yar ƙofar gindin katanga
mu zaro cikakke, mu tura wankakke.
Na san cikin kowa a layin nan, ban san fuskarsa ba.
Na san gidan da zawo ya sauka
kwana uku kafin likita ya ji,
kwana biyar kafin ƙaramar makara ta fito.

Da hantsi duba-gari ya zo da littafinsa,
ya leƙa randar Tabawa, ya ga tsutsar sauro ɗaya,
ya kifar da ruwan da ta saya, ya ɗora mata tara.
A Daim ɗinmu babu famfo,
rijiyar da muka haƙa an zuba mata kananzir.

Mai shayi ya ware mini kofi na dabam.
Ban ce komai ba, nasa bokitin ma na sani.

Fam huɗu ne a gwangwanina,
shida ake nema kafin Sawakin.
Shekarau yana tari tun damina,
jiya ya ce in ɗebi nasa in cika.
Na ce, ja raƙumi, malam, asuba ta kusa,
saura gida goma sha ɗaya.