Gidan Gwadabe

A Barakat, bayan tsohon injin gurzar auduga,
ka tambayi Gidan Gwadabe, ko yaro zai kai ka.
Amma ka bi zuriyarmu tun daga Haɗeja har bakin Nilu,
ba ka samun wanda aka yanka wa rago da sunan nan.

Kakana Cindo da ƙafa ya taso Hajji.
Guzuri ya ƙare a Jazira,
ya ce bari ya yi damina ɗaya.
Aka ba shi buɗe ƙofar ruwa da rufewa
ƙarƙashin wani Bature mai jan wuya,
dogo kamar zalɓe, shi ma kullum a bakin ruwa.
Sunansa Gotobed.
Harshen mutanenmu ya tauna, ya juya, ya kasa haɗiyewa,
ya tofo shi Gwadabe.
Cindo ya zama Cindon Gwadabe.
Bature ya hau jirgi ya tafi,
sunan ya rasa kuɗin mota, ya zauna a zaurenmu.

Bara Suwaiba, autata da ke karatu a Madani,
ta dawo tana dariya har da riƙe ciki.
Wai, Baba, ma'anarsa "je ka kwanta".
Wai can a ƙasarsu ta fadama da sanyi
aka yi wani malalaci da rana ke iske shi a shimfiɗa,
ko kuwa shi ya fara mallakar gado a ƙauyen,
maƙwabta suka ji haushi suka laƙaba masa.
Masu binciken ma ba su daidaita ba.
Ta ce yanzu masu amsa shi ba su cika kasuwar ƙauye.

Na yi shiru ina karya kisira.

Kakata takan ce mutumin ba ya barci,
tsakar dare ka hango fitilarsa tana bin gaɓar ruwa,
yana auna abin da Allah ya riga ya auna.
Je-ka-kwanta bai kwanta ba.
Cindon Gwadabe kuma, mai sunan babbar hanya,
bai ƙara taku ɗaya gabas ba.
Yana nan kwance bayan gonar Haj Attayib,
fuskarsa na duban inda ƙafarsa ba ta kai ba.

Jiya na ƙirga mu, har da jaririn Ramlatu:
arba'in da uku.
In sunan ya ƙare musu a Ingila,
su aiko, muna da ragowa.