Ƙotar Mantau

Ran Litinin, da ruwa ya ɗauke,
Mantau ya shigo rumfata a Mokoyo,
jikarsa Tsahara na jan bakin rigarsa.
Ya kwance tsumma, ya ajiye mini ƙota.
Ƙota kaɗai. Ƙarfen na gida, in ji shi,
tsatsa ta ci ta ƙoshi, ya daina magana.

Na ce, Baba, ni ƙofa da gado nake yi.
Ya ce, itace dai itace ne, Harisu.
Shafa mata ja, jan goron da aka tauna,
ka bi da abin nan mai hana ruwa shiga.
Ya dire jika biyu. Ban yi ciniki ba.

Maɗaci ne. Na gane shi
da garinsa ya hau mini leɓe.
Samfefa mai kaushi ta fara shiga,
ta ci tsohon fenti, ta ci dauɗar shekara arba'in,
hayaƙin albarushi, man kaɗe, jinin gada.
Mai laushi ta biyo baya tana lallashi,
tana bin jijiya yadda ta kwanta,
don wanda ya gicciye wa itace
zai ga zanen laifinsa ƙarƙashin kowace shafa.

Akwai tsaga kusa da wuya.
Na cusa gam da garin jikinta,
na ɗaure da roba, ta kwana haka.

Washegari na iso gefen hagu,
na tarar da wani gurbi, baƙi, sumul,
ya lotsa kaɗan
kamar bakin rijiya inda igiya ke bi.
Kuncin mutum ne ya yi wannan.
Nan ya kwanta a dajin Baban Rafi,
nan ya riƙe numfashi, sauro na cizo bai motsa ba.
Na ɗaga samfefa.
Hannuna ya ƙi.

Na rufe wurin da salatif, na ɗauki buroshi.
Ja, siririyar shafa, a bari ta sha iska.
Damina ba ta shiri da fenti:
gulbi ya cika, iska ta yi nauyi,
abin da ke bushewa kafin azahar
sai ya kai ka gobe yana danƙo.

Sannan berni.
Shi ba shi da launin kansa,
ba ya ɓoye komai, tsarewa kawai yake yi.
Na ɓare salatif, na bi ja da baƙi gaba ɗaya.
Shafar farko itace ya shanye
kamar mai buɗa-baki.
Daren ta biyu shinge ya fito,
ɗaya ya bar fitila ya faɗa mata,
ya manne, fiffike a baje.
Da safe na zagi kaina, na goge, na sake.
Ta uku. Ta huɗu.
Na rataye ta a ƙusa, na lulluɓe da gidan sauro,
kwana bakwai yaron shagona bai kusance ta ba.
Na danna farce, bai shiga ba.
Na ɗiga ruwa, ya dunƙule ya gangara.

Mantau ya dawo ran Juma'a bayan masallaci.
Sai a ranar na lura da yanar idonsa,
fara fat, duka biyun.
Jan da na sha wahalarsa, Tsahara ce ta gani,
ta leƙa fuskarta a ciki tana dariya.

Shi kuwa yatsu ya aika.
Suka bi wuya, suka nemi tsaga, ba su samu ba.
Ya ɗaga ƙota babu ƙarfe, ya kafa a kafaɗa,
kunci ya gangara da kansa
ya faɗa gurbinsa.
Ya auna titi. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce
bai san an auna shi ba.

Ka bar mini wurina, ya ce.
Ya kai ta hanci, ya daɗe.
Amma warinta ya tafi. Zai dawo?

Na ce, a'a, Baba. Na rufe shi a ciki.

Ya naɗe ta a tsumman da ya zo da ita.
Hadari na haɗuwa ta wajen Madarunfa.
Tsahara ta ce su yi sauri,
ya ce, ina saurin?
Yanzu ai mu kaɗai za mu jiƙe.