Zaɓen Tumun Dare

Sabuwa na saya, gal a kwalinta,
da kuɗin da nake tari tun azumin bara.
Na kunna, na ɗora mata manhajar,
allo ya yi baƙi ƙirin,
layi guda tak a samansa:
ban san wannan faifan ba.

Da gaskiyarta.
Babbar manhaja ce, amma ba irin ta ofis ba.
Waɗanda suka rubuta ta
ba za su cika bas ɗin Kawo ba.
Don bincike suka yi ta, ba don ciniki ba,
kuma ba ta gaisawa da baƙon ƙarfe
sai wanda wani ya hana idonsa barci
ya koya mata sunansa.

Na kwafi sunayen a bayan rasit,
goma sha ɗaya ne duka,
ƙaraminsu ya girmi ɗiyata Hajjo.

Ranar Talata, bayan ruwa ya ɗauke,
na naɗe ƙafar wando na shiga Panteka.
Sallau na zaune bisa mataccen janareta
yana cin gyaɗa.
Ya karanta rasit, ya dube ni, ya sake karantawa.
“Malam, kowa gaba yake nema,
kai ka zo cigiyar jiya?”
Ya janye buhu daga kan tsibin kwamfutoci,
na wani banki da ya rufe,
na ofishin masaƙar Kakuri,
wata har da hoton jariri manne a gefenta.

Na haska fitilar waya cikin hanjinsu
ina bin lambobi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na sami katin sadarwa, suna ya yi daidai.
Na biya, na hau keke, na iso gida.
Shiru.
Ashe harafin ƙarshe ne ya bambanta,
ni Ba nake nema, wannan Ca ne.
Riga ɗaya, uba daban.

Sau uku ina komawa.
A na ukun Sallau bai karɓi kuɗi ba,
ya ce in dai ta tashi
in zo in faɗa masa abin da take yi
da sauran ba sa yi.
Ban da amsa a lokacin. Har yau ina haɗa ta.

Daren Juma’a Didam ya zo daga Barnawa,
ɗalibina, mai haƙurin da ni ban da shi.
Muka cire komai, muka mayar ɗaya bayan ɗaya.
Fanka na juyawa, allo na kallonmu.
Muka sauya kebur. Muka sauya batirin nan mai kamar kwabo.
Nepa suka ɗauke, muka jira, suka kawo.
Na fara zargin masu manhajar,
na zargi Sallau, na zargi damina.
Didam bai ce komai ba,
ya zare ƙwaƙwalwar, ya ɗaga ta saitin ƙwai,
ya ce a ba shi magogin fensir.

Na Hajjo muka ɗauko daga jakar makaranta.
Ya goge haƙoran tagullar, ya hure, ya mayar.

Ƙarfe biyu saura kwata
rubutu ya zubo fari bisa baƙi,
tana kiran kowane ƙarfe da sunansa,
kowanne yana amsawa.
Can baya, ’yar koriyar fitila ta ƙifta ido.

Sauti dai har yanzu babu.
Linzami sai ya ga dama.
Sabuwar kuwa na ba uwargida, tana lissafin shago da ita.

Na buɗe littafina na ƙara layi na goma sha biyu:
wannan ma tana yi,
in ka goge mata haƙora.
Da safe Hajjo ta tashe ni
tana tambayar wa ya cinye mata magogi.