Matakala Casa'in da Uku

Shekara arba'in Herminia na hawan
matakala casa'in da uku a Valparaíso,
kwandon kifi a damtse, iskar teku a baya,
ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba.
Ɗan kafet ɗin kicin ne ya kayar da ita,
ranar Talata, tana miƙa hannu ga gishiri.

Hoton ƙashi ya nuna tsaga siririya kamar zare
a kwatangwalon hagu.
Likita Quiroga ta zana kibiya da biro a cinyar:
"Nan ne. Kada mu taɓa mai lafiyar."
Uwata ta yi dariya, dariyar ta soke ta.

Daga sha biyun dare ba ci, ba sha.
Ta zare zobe, ta cire haƙoran roba,
ta damƙa mini su a kofi,
ta ce da baki lotsattse:
"Baltazar, ka ba wa kyanwata abinci."
Wasiyyar ke nan. Aka tura gadon.

Ni kuwa na koma na yi wa gida tasa tiyatar.
Na naɗe kafet duka, har wanda bai yi laifi ba.
Na sauko da gadonta kusa da taga
inda ake hango jiragen ruwa.
Evaristo kafinta ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki,
ya ƙara wa kujera tsawo da katako huɗu,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Gishirin, na sauko da shi daidai ƙirji.

Mu huɗu muka hauro da ita a kujera,
tana ƙirga matakalar da ƙarfi,
tana zargin mun tsallake ɗaya.

Yanzu dokoki ne manne a firji:
kada a harɗe ƙafa,
kada a sunkuya,
a sa filo tsakanin gwiwoyi da dare.
Ta tsani takardar nan.

Yau da safe ta kama sandar mai ƙafa huɗu.
Daga gado zuwa taga, taku tara.
Gumi ya jiƙa wuyan rigarta.
Na ce, sannu ba ta hana zuwa.
Ta harare ni: "Ni na koya maka tafiya, yi mini shiru."

Ta daɗe tana leƙen matakalar daga sama,
leɓɓanta na motsi.
Lissafi take yi:
saura tamanin da huɗu.